Tsohuwar a-kori-kura, kambas da jesi: amsar bakanike daga Birnin Kebbi

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ni matashi ne daga Jega, ina sayen albasa a Aliero ina kaiwa kasuwanni, na kuma tara ɗan abin da na tara. Ina yawan kallon bidiyon mutanen Amurka suna tayar da tsofaffin motocin ɗaukar kaya irin su Ford F-100, su mayar da su sababbi fil. Ina son in mallaki irinta, in riƙa lodi da ita, in kuma riƙa ɗaukar bidiyo a gabanta da kambas da jesi masu kyau. Wace mota zan nema, kuma wane kambas ne zai jure ƙasarmu?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Tambayarka ta ba ni dariya, ba ta raini ba, don yaran garejina ma wayoyinsu cike suke da waɗannan bidiyoyin, ni kaina in aiki ya lafa bayan La'asar nakan saka tabarau in leƙa. Shekara talatin da ɗoriya ina kwance ƙarƙashin mota a Birnin Kebbi. To bari in fara cire maka Ford ɗin nan daga rai, sannan mu yi zancen abin da zai yiwu.

F-100 mota ce ta gaske, ba na musu. A Amurka an yi ta daga 1953 zuwa 1983, kuma har yau a Amurka akwai kamfanonin da ba su da sana'a sai ƙera mata sababbin kayan gyara, tun daga murfin inji har robar gilashi. Mutum na zaune a ɗakinsa zai yi oda a kawo masa har ƙofar gida. Kai kuwa in fanfon ruwanta ya mutu tsakanin Aliero da Jega, wa za ka kira? Notinta ma da inci aka auna shi, ba da milimita ba, sifana mai lamba 13 ko 14 da ke akwatin kowane bakanike a nan ko dai ta ƙi shiga ko ta yi sako-sako ta cinye kan notin. Da yawansu injin silinda takwas gare su, wajen lita biyar. Ka tuna ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai: litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 ta tsallake 1,000. Shigo da ita ma wani aiki ne. A farkon 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin tudu, zamanin da mutum zai leƙa Kwatano ya biyo ta Kamba ko Tsamiya da mota ya zama labari, ga kuma dokar da ta iyakance tsufan motar da ake shigowa da ita. Bar musu abarsu.

Mu ma muna da tamu, raina ta kawai muka yi don mun saba ganinta da lodin itace. Peugeot 504 nake nufi, a-kori-kurarta. A Faransa aka fara yin 504 a 1968, shekarar da ta biyo aka zaɓe ta motar shekara a Turai, a 1975 kuma ta cinye tseren Safari na Kenya, wanda ya fi kowane tsere karya mota a wancan zamani. A shekarar 1975 ɗin ne kamfanin Peugeot na Najeriya, PAN, ya fara harhaɗa motoci a Kakuri, Kaduna, gwamnatin soja ta lokacin kuma ta mai da Peugeot motar hukuma, daga babban sakatare har ofishin gona. Mai buɗaɗɗen bayan ta fito wajen 1980, ta gaji 404 da iyayenmu suka yi fatauci da ita. Turai ta daina 504 da daɗewa, amma Kaduna ta ci gaba da yin ta har wajen 2006. Amfanin wannan tarihin gare ka ɗaya ne: shekara talatin ana zuba motar nan a ƙasar nan, saboda haka gawarta na ko'ina, kuma a sana'armu gawar mota ita ce kantin kayan gyara. Abin da ba ka samu a Birnin Kebbi ko Sakkwato ba, waya ɗaya za ka buga Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, a saka maka shi a motar dare. Babu ƙauyen da za ka tsaya, daga Bunza har Kangiwa, ka rasa wanda ya taɓa kwance kafiretarta. Maigidan da ya koya mini aiki, Allah ya jiƙansa, cewa yake yi, "Wagga mota ba ta mutuwa, sai dai mai ita shi gaji."

Za ka ce ina Hilux da Land Cruiser? Sun fi ta ƙarfi, wannan ba a gardama. Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya, jerin da Toyota ta fara a 1984, musamman mai injin dizal 1HZ lita 4.2, ban ga abin da ya kai ta a yashi da laka ba. Sai dai 'yan siyasa na sonta, jami'an tsaro na sonta, ɓarayi ma na sonta, kuɗin tsohuwarta kuwa zai saya maka 504 da yawa. Roka kuma, wato Mercedes 911 irin wadda ANAMMCO ta harhaɗa a Enugu, ba motar sha'awa ba ce, gida ce guda: direba, yaron mota, taya shida, da jarin da zai cika ta. Mai sayen albasa buhu goma bai kai nan ba tukuna.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne, don nan ake cutar yara irinku.

Kafin ka taɓa mota, taɓa takardu. Lambar da ke jikin ƙarfen motar ta yi daidai da ta takarda, harafi da harafi, kuma wurin da aka buga lambar kada ka ga alamar walda ko goge. Wadda aka harhaɗa a Kaduna ba ta da zancen kwastan. Amma akwai 504 da yawa da suka yi rayuwarsu a Nijar da Binin suka tsallako, mu kuma a bakin iyaka muke, shingen kwastan ba ya ƙarewa a hanyoyinmu. Irin wannan in ba ta da takardar biyan haraji, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa. A rubuta yarjejeniya, da shaidu, da mai motar na ainihi, ba dillali kaɗai ba.

Daga nan sai ka shimfiɗa buhu ka kwanta ƙarƙashinta da tocila. Hilux bodi ne daban da aka ɗora kan shasi daban. 504 ba haka take ba, asalinta motar gida ce wadda bodi da ƙashin bayanta a haɗe suke, shi ya sa lagonta yana nan bayan gidan direba, inda gaba ya haɗu da baya. Duk wadda aka yi shekaru ana yi wa lodin rashin imani, a nan take tsagewa. In ka ga an ɗora faifan ƙarfe an yi walda, an kuma ɗora wani kan wancan, tashi ka karkaɗe rigarka. Duba inda sifirin na baya ya kama jiki, duba ƙasan da direba ke ɗora ƙafa, mazaunin batir, da ƙasan ƙofofi. Ka tambayi irin kayan da ta ɗauka a rayuwarta. Wadda ta yi dakon takin zamani, ko gishiri, ko ɗanyen kifi daga Yauri, bayanta ya gama ruɓewa ko da fenti ya rufe. Wadda ta zauna kudu cikin ruwan sama ma haka. Busasshiyar motar arewa wadda rana ta ƙone wa fenti, ita nake so, don rana fenti kaɗai take ci. Ka tafi da ɗan maganaɗisu, ko na tsohuwar sifika ne, ka bi jikin motar da shi. Inda ya kama, ƙarfe ne. Inda ya faɗo, ƙullin cike rami ne aka shafe aka fesa wa fenti. Na taɓa bin wata da ke ƙyalli kamar amarya, daga fitilar gaba har ƙofa maganaɗisu bai kama ko sau ɗaya ba, dillalin yana tsaye yana rantsuwa ba ta taɓa haɗari ba.

Inji kuwa, abin mamaki, shi ne abin da ya fi ƙarancin ba ni tsoro. Injin fetur na 504, mai lita biyu, silif gare shi da ake zarewa, wato bututun ƙarfen da fistin ke hawa da sauka a ciki, ba sai an kai bulo an rarake ba. A sayi silif da fistin da ringi, a sa sabon gasket, inji ya dawo saurayi. Amma ka san abin da kake saye, don a rage maka a ciniki. Ka je da sassafe, ka dafa injin ka ji shi da sanyi, don dillalai na tayar da mota tun kafin ka iso, inji mai ɗumi kuwa yana ɓoye ciwonsa. A tayar a gabanka, ka tsaya bayan salansa. Hayaƙi shuɗi, baƙin mai take ci. Baƙi, kafireta ce ke ambaliya, wannan ƙaramin abu ne. Fari mai kauri da ba ya yankewa bayan ta ɗumama, ruwa ne ke shiga inda bai kamata ba. Zaro sandar awon baƙin mai: in ka ga ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya haɗu da mai, ko gasket ya ƙone ko robar gindin silif ta saki. Tun injin na da sanyi ka buɗe murfin lagireto, ka duba ko ruwan na tsiyayar kumfa in an taka totur. Kan injin alminiyam ne, in ya sha zafi sau biyu sau uku sai ya lanƙwashe, mu kuwa a Maris da Afrilu zafinmu na haura digiri 40 a inuwa. Sannan ka hau ka tuƙa da kanka, ba zagayen layi ba, ka fita kwalta. Ka saka giya ta uku, ka taka, ka ɗage ƙafa farat ɗaya. In giyar ta fice da kanta, giyabos na neman aiki. Kukan da ke tashi daga baya yana ƙaruwa da gudu, aksil ne.

Abin da ya fi kashe 504 a idona ba inji ba ne, gobara ce. Wayoyi sun shekara talatin, kowane mai gyaran wuta ya yi nasa ɗaurin, an cire fiyus an maye da zaren waya, tiyon fetur ya tsage yana ɗiga kusa da salansa. Wasu ma tanki ya huje, sai su ajiye galan a gaba kusa da ƙafar fasinja da tiyo. Kada ka yarda da wannan ko na kwana ɗaya. A zare wayoyin gaba ɗaya a ja sababbi, a sa fiyus na gaske, ka ajiye tukunyar kashe wuta bayan kujera, wadda ke aiki, ba ta nuna wa jami'an hanya ba.

Gyaran ma da tsarinsa, kuma ya saɓa wa abin da zuciya ke so. Birki da sitiyari da taya su ne farko. Tayar gwanjo in za ka saya, karanta lambobi huɗu na ƙarshe da ke gefenta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019, kuma tsohuwar taya ko zanenta bai goge ba, kwaltar Afrilu za ta fasa ta. Bayan su lagireto da fanka da fanbel, sai inji, sai wuta, sai walda. Fenti shi ne na ƙarshen ƙarshe, bayan ka yi wata uku kana lodi da ita ta gama nuna maka halinta. Wani yaro sa'anka ya taɓa kawo mini tasa, ya riga ya fesa mata ja, ya sa ƙafafun alminiyam, ya cika bayan kujera da sifiku, kuɗi sun ƙare. Na ce masa injin nan ba zai ga damina ba. A Kalgo ta buga, da lodin shinkafa a kanta. Yau shekara biyu tana ƙarƙashin dogon yaro a ƙofar gidansu, awaki na shan inuwa, fentin dai har yanzu da kyansa. Saboda haka duk abin da ka tara, kada kuɗin saye ya wuce rabinsa. Sauran rabin na gyara ne, kuma kada ka taɓa jarin albasa.

Ka kuma yi lissafi da biro kafin ka biya. Motar an yi ta ne don wajen tan ɗaya, buhu goma ke nan masu kilo 100. Na san ana ɗora mata ninki, ana ƙara wa sifirin ganye, amma ƙarin ganye ba ya ƙara wa birki ƙarfi, ba ya kuma hana tsagewar nan da na gaya maka. Da lodi, a abin da na saba gani, lita ɗaya na kai ta kilomita bakwai zuwa tara in kafireta na da lafiya. Birnin Kebbi zuwa Argungu wajen kilomita 50 ne, zuwa da dawowa ka ƙaddara lita goma sha biyu ko sha uku. Buga da farashin yau, ka ƙara baƙin mai da kuɗin hanya, ka raba kan buhu goma, ka gwada da abin da kake biyan motar haya kan kowane buhu. In za ka riƙa dawowa fanko, da wuya kwalliya ta biya kuɗin sabulu. In kana samun kayan dawowa, shinkafa daga fadama lokacin girbi, siminti, kayan shago, to ta ci da kanta. Kuma tsohuwar mota ba ta tafiyar dare a hanyoyin da kai ma ka san halin da suke ciki yanzu.

Bidiyon kuwa ka ci gaba da kallo, nishaɗi ne, ya fi zaman gulma a majalisa. Ka dai sani aikin wata takwas ne ake matsewa cikin minti ashirin, kuma mai bidiyon sau da yawa ba da motar yake cin riba ba, da idonka yake ci: talla, da kamfanonin da ke ba shi kaya kyauta don ya nuna. Akwai ma na ƙarya, waɗanda ake shafa wa lafiyayyar mota laka a ce daga rami aka tono ta. Alamar su, noti ba ya taɓa gardama. Duk wanda ya taɓa kwance tsohon ƙarfe ya san noti ɗaya na iya cinye maka yini. Waɗanda suka fi amfanar yarana su ne na kanikawan Pakistan, masu gyaran manyan motoci a ƙasa cikin ƙura, don yanayinsu irin namu ne. Ka koyi dabararsu, ka bar musu walda da silifas ba tabarau. In kai ma za ka ɗauka, ka fara tun ranar da aka jawo ta da igiya, da tsatsarta da komai, kana bayani da Hausa. Masu nuna ƙyalli sun yi yawa, masu nuna yadda ake zare silif da harshenmu ba su da yawa. Amma kada ka sa kuɗin YouTube a lissafinka. Kafin su fara raba kuɗin talla da kai a kan dogayen bidiyo, sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara guda, data kuma kai ke saye.

Kambas. Wannan na san shi ta hanya biyu: ina motsa jini da safe wajen filin wasa na Haliru Abdu tun likita ya tsorata ni da hawan jini, kuma babban ɗana gwanjon takalma yake sarowa daga Ƙofar Wambai a Kano. Abu na farko, takalmin gayu daban, na gudu daban. Air Force 1 da kuke so, Nike ta yi shi a 1982 don ƙwallon kwando, fata ne, ƙasansa roba mai nauyi da aka ɗinke. Yana jure burji da tsakuwa, ana goge shi da tsumma, amma ba na gudu ba ne, kuma farinsa a ƙurar hunturu wahala ce ka saya wa kanka. Samba na Adidas da All Star na Converse, wanda tun 1917 ake yin sa, ƙasansu falle ne, sun fi daɗin taka kuloci, don ƙafa na jin feda. Na gudu shi ne mai soso a ƙasa, mara nauyi, shi kuma ƙaya da zafin kwalta ke gama shi da wuri. A gwanjo, kada sabuntar sama ta ruɗe ka. Akwai irin soson da in ya daɗe a ajiye ba a sawa, sai ya ruɓe daga ciki, ka saka shi kwana biyu ya farfashe kamar ƙuli-ƙuli. Danna ƙasan da babban yatsa, lanƙwasa shi, duba bakin gam. Ɗaga harshen ka karanta 'yar takardar ciki, galibi akwai lokacin da aka yi shi. Ganin an rubuta Vietnam ko Indonesiya ko Sin ba ya nuna jabu ne, na ainihin ma can ake yin su. Ɗinki da wari da nauyi ke tona jabu. Ka gwada da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safa, a bar faɗin yatsa a gaba. In ka saya, kai wa mai gyaran takalmi ya zagaye shi da ɗinki tun yana sabo, don gam ba ya jure ranarmu. Kada ka shanya shi a tsakar rana, kada ka bar shi cikin rufaffiyar mota. Ƙafa biyu sun ishe ka, ɗaya mai duhu na zirga-zirga, ɗaya na fita.

Jesi kuwa roba ce aka saƙa, tana fitar da gumi ta bushe da wuri, shi ya sa ta dace da fili. Tana kuma riƙe wari, a wanke ta ranar da aka sa, a juya cikinta waje, kada dutsen guga ya taɓa lamba. Koren nan mai zane da Nike ta yi wa Super Eagles a gasar duniya ta 2018, wadda mutane suka yi wa layi a Landan, har yau ba a yi wadda ta fi ta ba a ganina, kuma kusan duk wadda za ka gani a kasuwa yanzu kwafi ce, ka biya kuɗin kwafi. Gargaɗina ɗaya ne, kuma da gaske nake: kada ka shigo gareji da jesi ko wandon motsa jiki. Tartsatsin walda in ya faɗa kan auduga huda ta yake yi ya mutu, in ya faɗa kan jesi narkewa take yi ta manne da fata. Na ga wannan a bayan wani yarona, tabon na nan. Fetur da man birki kuma suna cin ƙasan kambas. Ranar aiki tsohuwar rigar auduga da takalmi mai rufi. Ranar ɗaukar hoto ka sa abin da ka ga dama, ko da yake in ni ne, 504 da kaftani da hula ta fi dacewa, haka muka san ta.

In ka samu wadda ta kwanta maka, kada ka ba da ko sisin kafin alƙalami. Ka ce wa mai ita kada a wanke injin, kada a tayar da ita, ka kira bakaniken da ba shi da la'ada a cinikin ku je tare bayan sallar Asuba. Ka riƙo tocila, da maganaɗisun, da buhun da za ka kwanta a kai.